Leda Arba'in da Takwas, Babu Lamba

Alhamis, 11:30 na safe

Nas ɗin asibitin makaranta ce ta ce in riƙa rubutu. Ta auna jinina, ta saurari ƙirjina, ta ce zuciyata ƙalau take, damuwa ce kawai. Kawai! Na so in ce ta karɓi "kawai" ɗin ta wuni da shi ta ji. Ban ce ba, na yi godiya. Ta koya min numfashi: in ja iska ina ƙirga huɗu, in sake ina ƙirga shida. Shekara ashirin da uku ina numfashi, yau aka gano ban iya ba.

Ta ce in rubuta abin da ke gabana kamar ina yi wa baƙo bayani. To baƙo, ga shi. Aikin gona nake karanta, ajin ƙarshe. Saura kwana ashirin da biyar in tsaya gaban malamai in kare bincikena. In na wuce na gama jami'a, in ban wuce ba ban gama ba.

Tumatir arba'in da takwas na shuka, kowane a ledarsa, a rumfar raga da ke bayan sashenmu. Kashi huɗu ne, sha bibbiyu. Kashi ɗaya ruwan famfo nake ba su, sauran ukun ruwan gishiri: kaɗan, matsakaici, mai yawa. Ana son sanin iya gishirin da tumatir zai jure. Duk Asabar sai na cakuɗa ledojin na canja musu wuri don kada wasu su fi wasu samun rana. Haka Dakta ya ce, malamin da ke duba aikina. Saboda haka babu abin da ke nuna wace leda ce wace sai tsinken katakon da na soke a kowace, da lamba a jikinsa. Baba ne ya yanka min su a shagonsa na kafinta, ya bi kowane ya goge kamar na sayarwa.

Daga Lahadi zuwa jiya ban fita daga ɗaki ba. Wannan ba zan rubuta ba. Lauya, wadda muke ɗaki ɗaya, ita ta riƙa zuwa ba su ruwa. Shari'a take karanta, ba ta taɓa shuka ko albasa ba, amma Allah ya saka mata. Anjima zan je in gan su.

Alhamis, 5:05 na yamma

Innalillahi.

Ban taɓa ganin rumfar ta yi kyau haka ba. An share ƙasa, an jera ledojin layi-layi, dogaye a baya, gajeru a gaba, kamar 'yan makaranta za a ɗauki hoto. Tsinkayen kuwa suna cikin gwangwani a bakin ƙofa. An wanke su fes, an ɗaure da robali. Ko ɗigon tawada babu a jikinsu.

Baba Lambu, tsohon da ke kula da rumfar, ya ce ƙawata akwai aiki, wuni guda ta yi tana gyara. Shi ya ɗauka ni na sa ta.

Da na koma ɗaki Lauya ta tare ni da murna, wai na ga aikinta? Ta ce da ta sa tiyo rubutun ya zuba, tsinkayen suka yi kaca-kaca da taɓo, sai ta ga gara ta wanke min su in dawo in tarar da wuri tsaf, ko raina zai yi fari. Ta ɗauka tokara ce ta hana shukar faɗuwa.

Na ce na gani, sannu da ƙoƙari.

Gobe zan je wurin Dakta.

Juma'a, 10:50 na safe

Na je har ƙofarsa. Akwai wani ɗan ajinmu a ciki, wanda awaki suka cinye masa masara, Dakta yana ta yi masa faɗa: shi bai san uzuri ba, ɗalibin da bai iya tsare gonarsa ba me zai tsare a duniya? Ina tsaye da hannuna a sama zan ƙwanƙwasa sai abin ya taso. Tafin hannuna ya yi sanyi, kunnena ya fara ƙara, ƙirjina ya ɗaure kamar an ja zare. Na shige banɗakin mata na rufe, ina huɗu, ina shida. Wata tana ta buga ƙofa tana tambaya ko haihuwa nake yi.

Shi wannan awaki ne suka ci tasa, yana da abin nunawa. Ni in Dakta ya ce ina nake kwana huɗu, in ce masa me?

Asabar, 8:15 na safe

Ba zan iya zuba gishiri ba alhali ban san wa nake zuba wa ba. Na ja tiyo na ba su ruwan famfo dukkansu, sosai, har yana tsiyaya ta ƙasan leda. Ruwan famfo ai ba ya cutar da kowa. Haka zan riƙa yi kafin in san abin yi.

Na ƙirga su sau uku, ban san dalili ba. Arba'in da takwas ne.

Lahadi, 4:40 na yamma

Baba ya kira. Ina jin ƙarar zarto a bayansa, shi ba ya da Lahadi. Ya tambayi tsinkayensa, ko gara ta taɓa su, don da ya sani da ya shafa musu mai. Na ce ai sun fi da kyau. Wallahi ban yi ƙarya ba.

Ya ce ya ware wani katako mai kyau, ragowar ƙofar wani attajiri, zai yi firam ɗin takardar shaidata da shi. In auno masa tsawo da faɗin irin takardar daga wurin waɗanda suka gama bara, shi ba ya aiki da kintace. Umma ta karɓi wayar ta ce muryata ta yi ƙasa, ko mura ce. Na ce mura ce.

Litinin, 1:00 na rana

Ban je ba. Ruwan famfo.

Talata, 3:30 na yamma

An tara 'yan ajin ƙarshe a babban zaure, lacca kan yadda ɗalibi zai magance damuwa. Wani mutum mai kwat ya zo da majigi. Ya ce mu tsara lokaci, mu yi barcin awa takwas, mu rage shayi, mu motsa jiki. Ya nuna hoton wata mata tana dariya a bakin teku. Wanda ke kusa da ni ya fara cika awa takwas ɗinsa nan take, har da minshari.

Daga ƙarshe ya ce mafi muhimmanci, kowa ya nemi aboki ɗaya na kusa ya faɗa masa abin da ke damunsa. Lauya ce ta kusa da ni. Ita ta riƙa kawo min abinci har bakin gado a kwanakin nan, ba ta tambaye ni komai ba, ta ce wa masu nemana zazzaɓi ne. In ce mata me? Kin kashe min shekara da sabulu?

Na rage shayi dai. Wannan na iya.

Laraba, 9:20 na safe

Na zauna a kan bokiti na daɗe ina kallonsu. Gishiri yana hana tumatir tsawo, kowa ya san haka, a littafi ma haka yake. Ke nan dogayen nan na baya su ne na ruwan famfo, gajerun gaba su ne na gishiri mai yawa. Na tsakiyar kuma a raba su biyu. Lauya ma ta riga ta jera min su.

Na sayo sabuwar maka ta rubutu, wadda tawadarta ba ta gogewa. Na rubuta lambobi, na soke tsinkaye, sha biyu, sha biyu, sha biyu, sha biyu. Bai kai minti arba'in ba.

Baba Lambu yana gefe yana gyaran butar ban-ruwa. Ya ɗebi ƙasa daga wata leda ya murza, ya ce da yana ganin fari-fari a bakin wasu ledojin, yanzu duk sun koma iri ɗaya. Na ce masa haka binciken yake. Ya ce to, ku ne masu karatu.

Ba ƙarya ba ce. Kintace ne mai hujja.

Laraba, 2:10 na rana

Ba ƙarya ba ce.

Juma'a, 11:45 na safe

Na koma zuba gishiri bisa sababbin lambobi. Na auna tsawo da rula, na ƙirga ganye da fure, na shigar a kwamfuta. Layin ya sauko sumul daga na famfo zuwa na gishiri mai yawa, ko karkata babu. Sati biyar na farko da nake yin aikin da gaskiya bai taɓa yin kyau haka ba. Lokacin akwai wata leda mai taurin kai, lamba talatin da ɗaya, tana shan gishiri mai yawa amma ta fi na famfo tsawo. Na tsane ta, tana ɓata min lissafi. Yau na tsaya ina neman ta a cikin dogayen baya. Tana nan, ɗaya daga cikinsu ce, ban san wace ba, ina ba ta ruwan famfo da sunan wata.

Lahadi, 6:00 na yamma

A sallar la'asar na rasa raka'a ta nawa nake. Na sake, na sake rasawa. Abinci kuma yana tsaya min a wuya. Siket ɗina ya fara juyawa a ƙugu.

Na yi huɗu da shida har na gaji da lissafi.

Litinin, 12:30 na rana

Na kai wa Dakta babi na huɗu, na sakamakon da na samu zuwa yanzu. Abin mamaki, da takarda a hannuna na iya ƙwanƙwasa ƙofar.

Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa. Na ce shi ke nan, ya gano. Har wani sanyi na ji, irin na wanda aka sauke wa kaya. Sai ya ɗago yana murmushi, mutumin da ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Ya ce shekara tara yana ba ɗalibai wannan gwajin, bai taɓa ganin wanda ya fito tsaf haka ba. Ya ce akwai manoma da rijiyoyinsu suka fara gishiri, kullum ana tambayarsa iya nawa tumatir zai ɗauka, yanzu yana da abin da zai nuna. Zai sa ni ta farko ranar kare bincike, baƙon malamin da za a gayyato ya fara da abu mai kyau.

Ya ce, "Kin ga amfanin kula da aiki."

Na ce na gode, Dakta. Na fita na yi amai a bayan sashen.

Talata, 7:40 na safe

Na yi wa Lauya tijara a kan cokali. Cokali! Ta ɗauki nawa ta juya shayi, na ce mata ita komai sai ta taɓa, komai sai ta gyara, wa ya sa ta, wa ya roƙe ta? Na faɗi maganganu da yawa. Ta tsaya da cokalin a hannu tana kallona, ta wanke shi ta ajiye, ta ɗauki jakarta ta fita.

Ina jin haushinta har cikin ƙashina, kuma na san ba ta da laifi. Ni na sayi maka mai arha. Ni ce ban zana taswirar ledojin ba kamar yadda aka ce. Ni na ce mata "ki ba su ruwa kawai" na juya wa bango fuska.

Alhamis, 3:15 na yamma

Yau aka gama awo. Sati takwas cif. Sun fara 'ya'ya, ƙanana, kore. Baba Lambu ya ce albarka.

Juma'a, 10:00 na safe

Na koma wurin nas. Na ce numfashin ba ya aiki. Ta ce numfashi ba ya cire ƙaya, yana dai sa mutum ya tsaya cik a cire masa, ta tambaye ni mene ne. Na ce wata ƙawata ce ta yi wani abu a bincikenta, in ta faɗa za ta iya rasa shekara, in ta yi shiru babu wanda zai taɓa sani. Ta ci gaba da rubutu a katina, ba ta ɗago ba, ta ce ƙawar tawa ta ci abinci yau? Na ce a'a. Ta ce jiya fa?

Ta ce ita ba malama ba ce, ba ta san dokar bincike ba. Abin da ta sani, ta ɗora ni a sikeli sati biyu da suka wuce, ta ɗora ni yau. Ta rubuta min sunan likitan da ke zuwa ranar Laraba, mai ganin masu irin abin nan nawa, ta ce in zo ko ƙawar tawa ba ta zo ba.

Asabar, 5:30 na yamma

Saura kwana tara. Na haddace jawabina, minti goma. Ina faɗinsa a gaban madubi, in na zo "sakamakon ya nuna" sai yawuna ya ƙafe.

Wani manomi da ban sani ba, da rijiyarsa. Tun Litinin yake zaune a kaina. Na ma sa masa hula.

Lahadi, 2:00 na rana

Baba ya kira sau biyu. Ban ɗauka ba. Ya turo saƙo: awon takarda.

Litinin, 4:50 na yamma

Lauya ta dawo daga lacca ta tarar da ni a ƙasa tsakanin gado da bango. Kwana shida ba ma magana sai sallama. Ta ajiye jaka ta zauna a ƙasan ita ma, da fararen kayanta na makaranta. Ta ce ba za ta tashi ba sai na faɗa mata abin da ta yi min, don ta san ba cokali ba ne.

Na faɗa mata. Tsinkayen, lambobin, maka sabuwa, murmushin Dakta, duka.

Ta rufe baki da hannu biyu. Ta yi kuka sosai, har ni na koma ba ta haƙuri. Da ta share ido sai lauyancin ya motsa: ita za ta je ta ce ita ta ɓata, a hukunta ta. Na ce wanke tsinke ba laifi ba ne a kowace doka, abin da na yi bayan nan shi ne laifi, kuma da hannuna na yi. Ta ce to za ta raka ni har ƙofa, in na shige banɗaki za ta fito da ni.

Talata, 1:25 na rana

Na faɗa masa. A tsaye, ina riƙe da bayan kujera. Da ya tambayi inda nake kwana huɗun, na ce ina ɗaki, na kasa fita. Ya ce zazzaɓi? Na ce a'a. Bai ƙara tambaya ba.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya cire tabarau ya tambaye ni ranar da na tarar da ledojin babu lamba, na faɗa. Ya tambayi ruwan da na ba su daga ranar, na ce na famfo, kwana shida, da tiyo, daga baya gishiri bisa kintace. Ya rufe ido.

Ya buɗe durowar teburinsa ya ɗauko wata 'yar na'ura, ba ta fi tocila ba, ya ajiye a gabana. Ya ce da ita ake auna gishirin ƙasa. Gishirin sati biyar ba ya fita daga leda don an yi mata ruwa kwana huɗu. Ana jiƙa ƙasar kowace leda a tsoma wannan, ita za ta faɗi kashin da take.

Ya ce, "Da kin ƙwanƙwasa ranar Juma'ar nan, awa biyu ya ishe mu."

Ranar ina bakin ƙofar. Na'urar tana cikin durowa, taku huɗu daga inda na tsaya. Washegari na ja tiyo na fara wanke amsar da hannuna, kullum, har tana tsiyaya ta ƙasa.

Ya ce tunda da ƙafata na zo, ba zai kai ni gaban kwamiti ba. Ya yaga babi na huɗu gida biyu ya miƙo min. Amma tumatir ba ya girma a kwana shida. Zan sake shuka, in kare tare da 'yan bayanmu. Ya ce in cire sunana daga jerin ranar Litinin da kaina, a ofishin sashe.

Lauya tana jira a waje. Ta kalli fuskata, ba ta tambaya ba. Ban gaya mata zancen na'urar ba tukuna.

Laraba, 11:10 na safe

Na ga likitan. Ya yi tambayoyi da yawa, ya ce abin yana da suna kuma ana maganinsa, in dawo sati mai zuwa. Na cire sunana a ofis. Sakatariyar ta ja layi da jan biro, ta ci gaba da cin gyaɗarta.

Laraba, 4:35 na yamma

Na kira Baba. Yana ɗauka ya fara zancen awo, ana buga guduma kusa da shi. Na ce Baba ka ɗan fita waje. Na ji ya fita, ƙarar ta yi nisa.

Na ce ba zan gama bana ba.

Can ya ce, "Tumatirin ne suka mutu?"

Na ce, "A'a Baba, suna nan da ransu. Ni ce ba ni da lafiya."

Ban taɓa faɗin haka da bakina ba, ko ga nas. Ya tambayi me ke min ciwo. Na yi masa bayani yadda na iya, ƙirjin, da hannun, da ƙofar ɗaki da nake kasa buɗewa. Ban san ko ya gane ba. Ya ce tun yaushe? Na ce tun ina aji uku.



Ya ce, "Shekara biyu ke nan ina kiranki duk Lahadi ina tambayarki karatu."

Na ce Baba ka yi haƙuri. Ya ce ba ni zan ba shi haƙuri ba. Daga nan bai ƙara ce min komai ba, kuma ya manta bai kashe wayar ba. Na ji ya koma cikin shagon yana ce wa abokin aikinsa ya rufe in an tashi, gobe ma kada a jira shi. Na ji yana tambayar ƙarfe nawa motar farko take tashi.